Gidan da Ba Ya Hayaƙi

Tun da aka hana hayaƙi a garin, kowa ya koma girki da hasken rana, tarin matar Malam Sallau ya warke, ɗakinsa ya yi sanyi kamar randa. Abu ɗaya ya rasa: a da hayaƙin murhun gwaggonsa Tabawa ke shaida masa ta tashi lafiya. Yau har hantsi gidanta shiru.

Kunyar a ce ya tsorata ta sa ya ɗauki tsohon kasko ya tsallaka.

"Gwaggo, wuta na zo ɗiba."

Sai a sallama ta uku ta leƙo tana dariya.

"Da furfurarka, Sallau? Rabonmu da garwashi shekara bakwai. Zauna ka sha koko. Gobe ma ka zo ɗiba."