Kwalba Ta Biyu

Na zuba sinadari a kan garin maganin, na toshe kwalbar, na ɗora ta a injin girgizawa. Wata biyu ke nan 'yata tana ramewa, idanunta sun yi rawaya. Zargina ɗaya ne: garin nan da surukata take ba ta a ɓoye. Na sato shi na kawo ɗakin gwajin da nake aiki.

A aikinmu ba a gwada abu shi kaɗai, sai an haɗa da wani mai tsabta don kwatance. Don haka na jiƙa garin hatsin da nake niƙa wa yarinyar da hannuna a kwalba ta biyu.

Na tace su na miƙa wa Ogan ɗakin gwajin. Da ya fito, fuskarsa ba annuri.

"Gubar funfuna ce, mai cin hanta. Ta yi yawa ƙwarai."

"Na sani! Wallahi yau tsohuwar nan sai ta bar min gida."

"Wace tsohuwa? Kwalbar farko lafiya lau take. Ta biyun nake nufi."

Da safen nan na ja wa mijina kunne kada a ba yarinyar komai sai kunun garin hatsin nan.

Na kira shi a waya.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi yana dariya. "Mama ta so hanawa, wai garin yana wari. Na ce umarninki ne. Yarinyar ta shanye kofi biyu."