Layin Zafin Ƙwai

Jibo maci amana ne. Matarsa Rumasa'u ta bar masa gadin injin ƙyanƙyasar ƙwan da take gwajinsa a Tudun Kaya, tana kallon layin zafinsa a kwamfuta daga Kano. Shi kuwa ya zare batirin ɗumama ƙwan ya kunna talabijin da shi don kallon ƙwallo. Don kada layin ya faɗi, ya cusa ma'aunin zafin a hammata. Yana kallo, zuciyarsa na tuhumarsa.

Sai ga kiranta.

"Baban Nana, tashi ka sha magani. Injina ba ya kaiwa arba'in. Zazzaɓi gare ka."

Ƙwan duk sun lalace. Na zabin mahaifiyarsa ne, kuma shi aka tura ya gaya mata.