'Yar Ƙofa Zuwa Layin 'Yan Goro

Tun shekarun baya da aka raba kasuwar garin layi-layi a cikin akwatin sadarwa guda, rigima ta kwanta. Waya ɗaya ce ke kai muryoyi cikin abin sauraron da ya toshe kunnen kowa, amma mahauci ba ya jin kowa sai mahauta da masu sayen nama, ɗan goro sai nasa. Barira, mai kula da akwatin, ita kaɗai ke jin kowa, kuma tana son aikinta.

Da hantsi Baba Sallau mahauci ya zo ya same ta.

"'Yata, ki buɗe mini 'yar ƙofa zuwa layin 'yan goro."

"Ciniki ne, Baba?"

"Ina! Mati nake nema. Ni Bakatsine, shi Bagobiri, tun muna samari muke tsokanar juna. Yanzu sai dai in hango bakinsa yana motsi, ban san ko ni yake zagi ba. Ko tuwo ba ya mini daɗi."

Barira ta yi dariya, ta daddanna maɓallan akwatin, ta haɗa su, su biyu kawai.

Sallau ya gyara murya. "Bawana, kana ji na?"

"Wa ya kwanto wannan tsohuwar kurar?" in ji Mati.

Sallau ya yi ta dariya har da hawaye. Barira ta ɗaga kai. Ga rumfar Mati nan kusa, ko goro aka jefa zai kai. A duk shekarun nan, babu wanda ya tuna cewa abin kunnen ana iya cire shi.