Likita da Ɓarauniyar Na'ura

"Yau sai na kama ɓarauniyar nan!" in ji Likita, ya ja kujera gaban kwamfutar 'yarsa.

Tun da ya ji ana ɗura wa na'urori masu ƙirƙirarriyar basira littattafan likitoci ba izini, ya hana kowa sakat. Har lauya ya ɗauka saboda littafinsa na ciwon ƙoda. Hujja kawai ta rage.

"Tambaye ta me na rubuta a babi na uku," ya ce wa 'yar tasa.

Na'urar ta ce ba ta san littafin ba, amma ta yaba wani, na tsohon ɗalibinsa.

"Barka, Baba! Ba su taɓa naka ba."

Likita ya cire tabarau a hankali.

"Wato nawa bai isa a sata ba? Kira min lauyan nan!"