Jaridar Rashancin Baba

A Rasha Baba ya karanta injiniya, amma figar kaji yake a kamfani a Greensboro ta Amurka. Jaridar Rashanci da ake aiko masa ce kaɗai ta rage masa.

Ina ɗan firamare, wata yamma a tashar bas, muka ga wata tsohuwar Baturiya riƙe da irinta. Baba ya gyara hula, ya ɗaga tasa jaridar, ya gaishe ta da Rashanci.

Ta dubi takalminsa, ta ce da Turanci, "A wace bola ka tsinto ta?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya ninke jaridar. "Taho, ɗan Baba. Kunnenta ne ba ya ji."

Wallahi ta ji. Yau na kai shekarunsa na ranar, kunyar ba ta sake ni ba.