Shamuwa a Tudun Gawo

Tun da hukuma ta fara raba ruwan sama gari-gari, shekara uku ke nan layi bai zo kan Tudun Gawo ba. Amma ranar Talata da safe Goggo Tabawa ta ga shamuwa biyu a kan tsamiyar ƙofar gidanta, suna jan kirare suna haɗa sheƙa. Gawon gonarta ma ya fara zubar da ganye, yadda ya saba in damina ta kusa.

Ta ƙulle irin gero a bakin zane, ta taka har ofishin rabon ruwa.

"Ɗan nan, duba mini. Shamuwa ta sauka."

Ma'aikacin bai ko ɗago kai daga na'urarsa ba. "Goggo, garinku sai baɗi, in Allah ya kai mu."

"Bara ma baɗi ka ce."

"Ba ni ke rubutawa ba, Goggo."

Ta juya ta kama hanyar gida. Bara da idonta ta ga 'ya'yan shamuwa sun bushe a cikin sheƙa, baki buɗe, don babu fara, babu kwaɗo.

Da ta koma gida ta ajiye irin, ta ɗauko doguwar gora. Tsuntsun da kakarta ta hana su ko jifa, yau shi ta shiga zungura.

"Ku wuce Rafin Kanya," ta ce. "Bana su aka ba ruwa."