Safar da Ba a Gama Saƙawa Ba

Ana kaɗa ƙararrawar Lahadi, uwar ta tare ƙofar cocin Katolikan ƙauyensu, ta bar 'yarta cikin ruwan sama.

"Kin zubar da cikin, kuma ki shigo nan? Da wane ido?"

'Yar ta nuna kabarin dutsen da ke gefen bagade, na wani mayaƙin addini na zamanin da. "Wancan gari guda ya karkashe, Mama, har jarirai. Amma duk Asabar ke kike goge masa ƙura."

Uwar ta zaro 'yar mitsitsiyar safar ulu daga jakarta, ƙafa ɗaya, allurar na jiki.

"Jariransa ban saƙa musu komai ba," ta ce, sannan ta matsa gefe.